Bakanikiya a Zumuntar Mata, rabin shaidar da nake haɗiyewa

Salama a gare ku 'yan'uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan abu ina fasawa, don ko a Zumuntar Mata in aka ba da lokacin shaida ban taɓa faɗin shi duka ba, sai in tashi ince Ubangiji ya ta da maigidana daga gadon ciwo, a yi guɗa a buga tulu in koma in zauna. Gaskiya ne ya ta da shi, amma akwai rabin labarin da nake haɗiyewa. Sai da na nemi izinin shi kafin in rubuta, yace in rubuta amma kar in kama sunan kowa, toh ba zan kama ba.

Ni haifaffiyar Jos ce, a Tudun Wada na girma, 1982 aka haife ni. Mu biyar ne mata a jere kafin Allah ya ba iyayenmu namiji, kuma ni ce babba. Babanmu bakanike ne amma ba na mota ba, ƙananan injuna yake gyarawa, janareta, injin niƙa, da injin ban ruwa na masu noman rani, waɗanda ke jan ruwa daga tsofaffin ramukan kuza da aka haƙa aka bari wajajen Bukuru da Barkin Ladi. Ni nake kai mishi abinci gareji in an tashi daga makaranta, daga kai abinci sai miƙo min sifana mai lamba goma, daga nan sai wanke fulogi da fetur a gwangwanin madara, kafin in gama firamare ina kwance kafireta in mayar da ita noti ko ɗaya bai yi saura ba. In mutane suka yi mishi magana wai yana lalata yarinya, aya ɗaya yake kare kanshi da ita, Nehemiya 3:12, inda wani mutum ya yi gyaran garun Urushalima shi da 'ya'yanshi mata. Ina jin duk Tsohon Alkawari ba ayar da Baba ya riƙe kamar wannan.

Mama kam ba ta taɓa yarda ba. Duk daren Asabar sai ta zaunar da ni a bakin murhu da ruwan ɗumi da Omo da lemun tsami, ta kama yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana dirza da soso kamar tana wanke gindin tukunya, tana cewa "wa zai aure ki da hannu kamar na ɗan dako?" Ga ni doguwa, ga kafaɗa, ga murya, in na yi dariya a tsakar gida har maƙwabta sun san ni ce. A unguwa mai kamar maza ake ce min, kuma ba yabo ba ne. Wuri ɗaya ne muryata ta taɓa yin amfani, Girls' Brigade, ni ke ba da umarni a fareti. Da an tashi kuma sai a koma a ce min ki rage murya, ki haɗe ƙafa, mace ba ta tafiya haka. Ba na ganin laifin Mama yanzu, tsoro ne take ji min, ita a saninta macen da ba a aura ba ta shiga uku.

Rikicin 7 ga Satumba 2001 ya raba Baba da garejin shi, don wurin yana ɓangaren garin da bayan nan mutum irin shi ba zai je ya yini hankali kwance ba, kuma yawancin masu kawo mishi aiki su ma ba za su iya biyo shi Tudun Wada ba. Ya kwaso kayan aiki ya dawo ƙofar gida, amma abu bai sake yin daɗi ba, 2004 ya rasu. Akwatin ƙarfen shi na sifanu ni na ɗauka, ba wanda ya yi min gardama, ƙanenmu lokacin yaro ne.

Disamba 2005 aka ɗaura min aure. Ranar da matan zumunta suka zo yi min gargaɗi na zauna a tabarma an lulluɓe ni, kowace ta tashi ta faɗi nata. Yi na yi bari na bari. Miji shi ne kai. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wata tace ko kin fi shi sanin abu ki yi kamar ba ki sani ba, namiji ba ya son a nuna mishi iyawa. Wannan ta ƙarshen ita ce ta shige ni har ƙashi, don ji na yi kamar da ni kaɗai ake, kuma da ni ake ɗin. Na shiga gidan miji da niyyar in zama wata mace daban, mai magana ƙasa-ƙasa, mai taushin hannu. Akwatin Baba na tura can ƙarƙashin gado na jera kwalaye a gabanshi.

Maigidana direba ne lokacin, Sharon yake ja Jos zuwa Abuja, mutum ne mai sanyi, ba ya da hayaniya, bai taɓa ɗaga min hannu ba kuma bai taɓa cewa in daina wani abu ba, ni na hana kaina. Bari in ba ku misali ɗaya ku ga inda abin ya kai. Wata rana abokan shi sun zo kallon ƙwallo, aka ɗauke wuta, ƙaramin janaretanmu Tiger ya ƙi tashi. Ina kicin ina jin yadda yake tari yana mutuwa na san fulogi ne ya jiƙe, an zuba mishi baƙin mai ya yi yawa a cikin fetur, aikin minti biyar. Maza huɗu suka yi ta jan igiya suna karɓa-karɓa har gumi ya jiƙa su, har aka tashi wasan, ni ko ina tsaye da ludayi a hannu bakina na ƙaiƙayi ina ce wa kaina mace ta gari ba ta kunyata mijinta. Da dare ya yi, ya yi barci, na lallaɓa na jawo akwatin na fita da tocila a baki na kwance fulogin na goge na mayar. Da safe ya ja sau ɗaya ya tashi, yace "ikon Allah, ya gyara kanshi." Nace ai kuwa ikon Allah. Kuma har raina na ɗauka na yi aikin biyayya.

2007 na haifi 'yan biyu, mace da namiji, daga nan na zama Maman Biyu shi kuma Baban Biyu, 2010 aka ƙara mana mace. Ina 'yar sana'ata ta kunun zaƙi da awara a ƙofar gida, irin wadda ba mai cewa komai a kai.

Nuwamba 2014 aka kira ni da yamma wai an yi haɗari a Hawan Kibo. Duk wanda ke bin hanyar Akwanga ya san wurin nan. Birkin wata babbar mota ne ya tsinke a gangara ta bi ta kansu, fasinja biyu a take suka rasu, shi kuma ƙugu ya karye, baya ya taɓu. Wata huɗu muna asibiti. Motar ta zama gwangwani kuma ba a gama biyan kuɗinta ba. Ikilisiya ta yi ƙoƙari, ba zan ci amanar su ba, an yi mana baiko na musamman, matan zumunta sun yi ta kawo abinci a kula suna kwana da ni a baranda cikin sanyin nan na Jos. Amma taimako yana da iyaka, kowa da nashi nauyin. Da muka dawo gida ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta, ga magani, ga mai motar yana aike, ribar awara ko maganin sati ɗaya ba ta saye.

Ranar da na auna garin masara na ga ba zai kai gobe ba, na durƙusa na jawo akwatin. Na fara da janaretan maƙwabta a bayan gida inda ba mai gani. Kuma tun ranar farko na fara da ƙarya, nace musu maigida ne ke gyarawa daga zaune, ni miƙa mishi kaya kawai nake. Mutumin da ko juyawa a gado sai na taimaka mishi.

Kayan gyara kuma sai Dilimi, ni ko rabona da wajen tun kafin rikici. Na yafa babban mayafi na shiga gabana na faɗuwa, ina neman shagon wani Alhaji da Baba ke sayen kaya a wurinshi. Ya tsufa, gemu ya yi fari fat. Na gaishe shi na fara kame-kame, ya ƙura min ido yace "ke ba 'yar wajen mai injin ban ruwa ba ce, mai wanke fulogi a gwangwani?" Da na gaya mishi Baba ya rasu ya yi shiru ya daɗe, yace bai ji ba, ba wanda ya gaya mishi. Ya sa yaron shi ya haɗa min fulogi da ringi da fistin da igiyoyi na wajen dubu goma sha takwas, yace "tafi 'yata, in kin samu ki kawo." Ko a takarda bai rubuta ba. A keke na yi ta kuka har Tudun Wada.

Aiki ya karɓe ni, don hannun bai manta ba. Kafin shekara ƙaryar maigida ke gyarawa ta mutu da kanta, masu noman rani suna zuwa su ɗauke ni a mashin har bakin gona, a gabansu zan kwance inji. Amma sai na ƙirƙiro wata. Na sa a raina cewa ko da ni ke nemowa, dole duniya ta ga daga hannun shi yake fitowa, in ba haka ba na zubar mishi da girma, na hau kujerar da Allah bai ba ni ba. Saboda haka duk daren Asabar in ya yi barci sai in sa kuɗi a aljihun kaftanin da zai sa gobe, in sa zakka a ambulan in rubuta sunan shi shi kaɗai in cusa cikin Littafi Mai Tsarkin shi. In danginshi suka zo gaisuwa sai in zo in durƙusa har ƙasa ince "Baban Biyu, a taimaka da kuɗin cefane," ya sa hannu a aljihu ya ciro ya ba ni, in karɓa da hannu biyu in yi godiya. Ana cewa wai wani ɗan'uwanshi ne ke aiko mishi daga Legas, ni ma ban ƙaryata ba. Ranar Lahadi kuma in sha lalle har ya yi baƙi don ya rufe baƙin man da ke ƙarƙashin farce, in ɗaura zanen zumunta, in naɗe hannu cikin gyale.

Kuma an yabe ni, kai an yabe ni. Har misali aka yi da ni a taron mata, wai ku dubi Maman Biyu, miji na kwance amma ba ta ɗaga kai ba. Ina sunkuyar da kai kamar mai kunya, a ciki ko daɗi nake ji kamar me.

Ga abin da ba su gani ba. In baƙi suka tafi, matar nan mai durƙuso ita ce ke dangwara mishi kwanon abinci ba ko sannu. Ban zage shi ba ko sau ɗaya, amma akwai tsaki, akwai ajiyar zuciya mai ƙarfi da ake yi don a ji, akwai buga murfin tukunya. Na canja wa yara makaranta sai a bakinsu ya ji. Na kama shago na biya kuɗin shekara ban gaya mishi ba sai da na kwashe kaya. Na shiga adashe biyu bai sani ba. A raina ina cewa me zai gane, me zai ƙara, ni ke wahalar. Ya fara takawa da sanduna, yana zaune a ƙofar ɗaki daga safe har dare da rediyo, ni ko in shigo in wuce shi kamar kujera.

Wata rana aka aiko mahaifiyar shi ba lafiya a ƙauye. Muna cin abinci da yara yace "Maman Biyu, ina ganin ya kamata a aika wa Mama ko dubu biyar ne." Na gaji ranar, wani ya cinye min kuɗin aiki, ban san lokacin da bakina yace "da wane kuɗin?" ba. Kalma uku. A gaban yara. Bai ce komai ba, ya wanke hannu ya jawo sandunan shi ya shiga ciki. Na aika da kuɗin washegari, har dubu bakwai, amma daga ranar ya daina cin abinci tare da mu, addu'ar safe da yake bi da mu kuma yace namijin 'yan biyu ya riƙa yi, wai ya koya. Na ga duk wannan na yi kamar ban gani ba, kuma ranar Asabar na sa kuɗi a aljihu kamar kullum.

Haka muka yi ta tafiya har Disamba 2017. Daren Asabar ne, hunturu ya sauko sosai, irin sanyin da ruwan randa ke cizon haƙori. Na tashi a hankali na laluba kaftanin a jikin ƙusa, hannuna na cikin aljihu kenan na ji muryar shi cikin duhu.

"Maman Biyu, bar shi a hannunki."

Na daskare. Nace "au, ba ka yi barci ba?"

Yace "shekara nawa ina jin ki. Ƙuguna ne ya karye, ba hankalina ba."

Ya ja jiki ya zauna ya jingina da bango, yace in zauna. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta daren nan ba. Yace duk Lahadi in ya jefa ambulan ɗin nan mai sunan shi sai ya tuna Hananiya da Safiratu, mata da miji da suka haɗa baki suka yi ƙarya a kan kuɗi a gaban ikilisiya suka faɗi matattu samari suka fitar da gawarsu, yace har dubawa yake ko samarin da za su fitar da mu sun iso bakin ƙofa. Yace "ba ciyar da ni da kike yi ke ci min rai ba, wanda Allah ya ba ƙarfi a gida shi ke ɗauka, na yi shekara tara ina ɗauka ban yi miki gori ba. Abin da ke kashe ni, kin mai da ni yaron da ake ba wa sitiyarin roba ana ce mishi shi ke tuƙi. Kina durƙusa min a gaban mutane, amma rabon da ki tambaye ni me na gani a kan wani abu tun ina asibiti. Ki tsaya a tsaye ki yi shawara da ni, ya fi min durƙuson."

Sai kuma yace wani abu da ya ƙarasa ni. "Kin tuna Tiger ɗin nan da ya gyara kanshi? Ina tsaye a taga ina kallon ki da tocila a baki. Na so in fito in riƙe miki, sai na ga kamar ba kya so in sani. Ni tun kafin in aure ki na san 'yar waye ke, a garejin Babanki na fara ganin ki."

Zan so ince na faɗi a ƙafafun shi ina kuka, amma ba haka aka yi ba. Fushi na yi. Nace duk wahalar da nake sha don rufin asirinka ne, yau ni ce Safiratu? Na kwashi bargo na koma ɗakin yara. Da safe ban je sujada ba, nace kaina ke ciwo.

Kwana uku ina kumbure-kumbure, ranar Laraba na tafi wurin wata tsohuwa a zumuntarmu, gwauruwa ce, duk Kaka muke ce mata. Na je ne don ta goya min baya. Na zayyana mata komai tana ɓare gyaɗa ba ta ko kalle ni ba. Da na gama tace idonta ya mutu, in ɗauko Littafi in karanta mata Karin Magana 31 daga aya 10, a hankali. Wurin nan na ji shi ya fi sau ɗari, duk ranar mata sai an karanta, amma kullum abin da ke zama a kaina shi ne mace mai tashi da asuba ta yi girki. Kaka ta riƙa tsayar da ni. Matar nan ta duba gona ta saya, tace "wa ya saya?" Ta yi ɗamara ta ƙarfafa hannuwanta, tace "maimaita." Tana saƙa tana sayar wa 'yan kasuwa. Tace "toh ina aka ce ta ɓoye, ko ta sa a aljihun wani da dare?" Sai ta sa na koma aya 11, inda aka ce zuciyar mijinta ta amince da ita. Tace "'yata, ta yaya zai amince da ke kina mishi wasan kwaikwayo? Ke ba miji kike girmamawa ba, sunanki kike girmamawa."

Na nuna mata hannuna, ban san ma me ya sa ba, nace Kaka dubi, ni ko mace ban ji ni ba kuma. Ta yi dariya har da tari, ta miƙo nata, duk ya kanta ya lanƙwashe. Tace tana budurwa kwanon ƙasa take ɗauka a ka a ramin kuza daga safe har yamma, ita da mata ɗari, da wannan ta biya wa ƙannenta makaranta, da hannun nan ta yi renon 'ya'ya takwas ta rufe idon mijinta. "Mu ba mata ba ne? Wannan zancen mace ta zauna ta yi laushi, ban san daga ina kuka samo shi ba, mu dai a ƙauyenmu ba mai gonar da zai yarda."

Da dare na same shi na roƙi gafara, na farko a kan "da wane kuɗin" ɗin nan, na kira yara ma na faɗa a gabansu tunda a gabansu na yi. Na kawo littafin da nake rubuta aiki da kuɗin adashe da komai na zube mishi. Ya sa tabarau ya yi kwana biyu yana bi, sai ga shi ya gano mutane na riƙe min da bashin da ya fi kuɗin hayar shekara, kuma wai ina gyaran injin ban ruwa a farashin da ko yaron gareji ba zai karɓa ba. Direban haya ne fa, lissafi da karɓar kuɗi a jininshi suke. Daga sabuwar shekara ya fara bina shago a keke, shi ke zama a tebur, shi ke yanka farashi, ni ina ƙasa cikin baƙin mai. Ambulan kuma sunanmu biyu muke rubutawa.

Kar ku ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Halin yanke magana ni kaɗai bai bar ni a rana ɗaya ba, har yau wani lokaci sai na riga na ce wa mutum toh sannan in tuna ban tambaya ba. Shi ma akwai ranakun da ciwon ke tashi ya ƙi magana da kowa. Kuma da gaskiya ta fito, yabon nan ya ragu. Wani yayan shi yace an mai da ƙaninshi mijin-tace, ya shekara biyu bai taka gidanmu ba. Wani dattijo a ikilisiya ya kira ni gefe a kan wandon da nake sawa a wurin aiki, ya karanta min Maimaitawar Shari'a 22:5. Nace Baba na ji, amma akwai ranar da bel ɗin injin niƙa ya kama bakin zanena, da ba a kashe da sauri ba da yanzu wani zance ake. Ina sa wandon, ina ɗora doguwar riga a kai, ranar Lahadi in ɗaura zanena. Bai gamsu ba, muna gaisawa dai.

Wasu matan kuma, musamman ƙanana, sai suka ɗauka na zama tasu, wai na nuna wa maza iyaka. A'a. Ni Afisawa 5, inda aka ce mata su yi biyayya ga mazansu, ban yage ta daga Littafina ba, har gobe shi ne maigida, in muka yi ta ja a kan abu muka kasa daidaitawa nakan bar mishi, kuma sau da yawa daga baya sai in ga gara da na bari. Ina kai mishi ruwan wanka, ba don ana kallo ba, don bayan shi ba ya son sanyi. Abin da na daina shi ne yin kamar ban iya ba. Wanda kuma ake fakewa da ayar nan a mayar da mace gidan da ake dukanta ana ce mata haƙuri, wannan na gani da idona a kan wata, kuma ban ga inda aya ta ce haka ba, aya 25 da ta ce maza su ƙaunaci matansu tana nan ƙasa kaɗan ga mai son karantawa.

Da aka cire tallafin mai 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500, mutane suka jingine janareta a lungu, aiki ya faɗi warwas. Shi ne yace mu koma sola. Nace a shekara 41 zan fara hawa rufin kwano? Yace shi zai riƙe tsani. Na je na koya wajen wani yaro da na girme shi da shekara goma sha biyar, yanzu rabin aikinmu shi ne, kuma da gaske yana riƙe tsanin, da hannu ɗaya, ɗayan na kan sanda.

Autarmu ce ta ba ni kunya kwanan nan. Ita ba ruwanta da shago, ko warin fetur ba ta so, daga kitso sai kwalliya sai kallon ɗinki a waya, magana ma sai ka kasa kunne. Ran nan na ce ta miƙo min sifana ta ɗauko da yatsa biyu kamar ta ɗauki mataccen ɓera, na buɗe baki nace wace irin mace ce ke, ba ki da wani amfani sai... ban ƙarasa ba, don muryar Mama na ji ta fito daga bakina, soson ne kawai babu. Babanta ya ɗago kai daga littafi ya kalle ni ta saman tabarau bai ce komai ba.

Daren Asabar ɗin da ya wuce na kira ta nace ta zo ta yi min lalle, na kwalliya, ba na ɓoyo ba. Ta zauna ta kama yatsuna tana zana fure tana mita wai hannuna ya cika kaushi zanen ba ya zama, baƙin da ke gefen farce kuma tace wannan sai dai a haƙura da shi. Muna cikin haka Babanta ya ɗaga murya daga falo yana tambaya ko mutumin Mangu ya biya kuɗin injin ban ruwan shi. Nace bai biya ba, yace sai bayan kasuwar Juma'a. Yace Juma'a ta uku kenan, in ba shi lambar gobe bayan sujada shi zai kira da kanshi, ni na cika jin nauyin mutane.